Tambayoyinku: Wane Injin Gahawa Zan Saya Don Haɗa Mai Madara a Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Hotoro, nan Kano. Maigidana ya yi karatu a Ingila, ya dawo da shan gahawa mai madara da kumfa a sama, wadda suke kira kafuchino. Kullum sai ya biya wani shago ya saya, har ni ma na kamu. Yanzu na kwashi adashe, ina so in saya mana injin esfireso na gida, wato mai tace gahawa mai ƙarfi da ake zuba wa madarar, amma da na duba a intanet sai kaina ya ɗaure: wannan an rubuta bar 15, wancan bar 20. Ƙanwata da ke Amurka ta ce za ta aiko min don can ya fi araha. Mu biyu ne masu sha, sai baƙi jefi-jefi. Wanne zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kafin komai, ɗauki waya ki ce wa 'yar'uwar nan ta dakata. Allah ya saka mata da alheri, amma kada ta saya a Amurka. Ni ganau ce. Shekarun baya yayana ya kawo min irinsa tsaraba daga can, ɗoki ya hana ni karanta abin da ke rubuce a gindinsa. Ina jonawa na ji fat, kicin ya turnuƙe da warin ƙonanniyar roba. Mai gyara a Sabon Gari ya kwance shi, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan sai dai haƙuri." Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Akwai na'urar rage ƙarfin wuta, amma wadda za ta ɗauki injin gahawa ƙatuwa ce mai nauyi, kuma ƙarin kuɗi ne. Tun da maigida yana da mutane a Ingila, can ya fi: wutarsu ɗaya da tamu, har filogin mai baki uku iri ɗaya ne. Haka ma Dubai.

Batun bar 15 da bar 20 kuwa, wato ma'aunin ƙarfin da ake tura ruwa cikin garin gahawa, kada ya hana ki barci. Da bar 9 ake tace esfireso, haka manyan injinan shaguna suke aiki. Lambar da ke jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ce kawai, ado ne na talla. Mai 20 bai fi mai 15 daɗin gahawa ba.

Abin da ya kamata ki zuba wa ido shi ne tururi, tun da mai madara kuke sha. Ruwan da ke tace gahawa yana son zafin wajen digiri 93, tururin da ke kaɗa madara kuwa sai ruwa ya wuce digiri 100 sosai. Yadda inji yake raba waɗannan ayyuka biyu shi ne asalin bambancin kuɗinsu. Akwai mai tukunya ɗaya, irin Gaggia Classic da Rancilio Silvia. Ƙarfe ne na gaske, suna shekaru suna aiki, amma sai kin tace gahawa, ki danna maɓalli, ki jira tukunyar ta ƙara zafi kafin tururi ya zo, sannan ki sake sanyaya ta idan za ki yi kofi na biyu. Ku biyu babu laifi. Ranar da dangin miji biyar suka cika falo, na farko zai gama sha kafin na ƙarshe ya ga nasa. Akwai mai tukunya biyu da ke yin duka a lokaci guda, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin adashe, kuma yawancinsu suna son minti 20 ko fiye su yi ɗumi. A garin nan, wa ya ba ki tabbacin wutar za ta jira ki minti 20?

Shi ya sa ni na fi karkata ga kashi na uku, wanda ba ya tara ruwa a tukunya, yana dumama shi ne yana wucewa ta cikin ƙarfe mai zafi. De'Longhi Dedica yana shiryawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Bambino Plus, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila, Breville a Amurka, daƙiƙa 3 yake yi, kuma yana kaɗa madara da kansa idan kin ajiye masa jug ɗin. In Dedica za ki ɗauka, ki dubi bakin bututun tururin. Wani yana da faffaɗan hannun riga da ke zuƙo iska da kansa, kumfarsa manya-manya kamar ta sabulun wanki. Siririn bututun ƙarfe, irin na Dedica Arte, ya fi wuyar koyo amma shi ke ba da kumfa mai laushi.

Ki kuma tambayi wanda ya haɗa muku sola ko inbata kafin ki biya. Injinan nan suna jan wat 1,200 zuwa 1,600, kusan kamar dutsen guga. Ƙaramin janaretan nan na gida bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauka ba.

Yanzu madarar. Dole ta zama mai sanyi, daga firji, a jug na ƙarfe. Ki fara buɗe tururin a banza ya zubar da ruwan da ya kwanta a bututu. Ki sa bakinsa ƙasa kaɗan da saman madarar, za ki ji tsit-tsit kamar ana yaga takarda, iska ce ke shiga. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ki ɗan ɗaga jug ɗin bakin ya nutse, madarar ta riƙa juyawa kamar ana dama kunu. Tafin hannunki na gindin jug. Da zarar kin ji ba za ki iya riƙewa ba, ki kashe. Wajen digiri 60 zuwa 65 ke nan. Idan ta wuce haka zaƙin ya tafi, sai ƙaurin dafaffiyar madara. Ki goge bututun nan take da jiƙaƙƙen tsumma, don in ta bushe a kai sai kin kankare. Satin farko za ki yi ɓarna, kowa ya yi.

Madarar kwali mai cikakken maiƙo ta fi sauƙin kaɗawa. Ni dai ta gari nake amfani da ita: in dama da daddare, in sa a firji, da safe ta yi kumfa lafiya lau. Ta gwangwani ta yi kauri, sai an sirka da ruwa daidai yawanta. Ɗanyar madarar shanu daga hannun Fulani tana da daɗi, amma ki tafasa ta tukuna ta huce. Kindirmo kuwa ki bar wa fura, tsinkewa zai yi.

Kada ki ƙarar da kuɗin duka a kan injin, ki rage na injin niƙa. Esfireso yana son gari mai laushi daidai-wa-daida: giram 18 na gari ya ba da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan ya zubo da gudu garin ya yi tsaki-tsaki, zai yi tsami. Idan yana ɗiga da ƙyar ya yi laushi da yawa, zai yi ɗaci. Bilendar da kike niƙa yaji ba za ta yi ba, sai dai in kina son kafuchino mai ƙamshin daddawa. Ki nemi mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwayar, ko da na hannu ne, shi ba ruwansa da wuta. Ƙwayar ma ba sai ta Habasha ba, ana noma gahawa a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba. Kafin ki sami injin niƙan, ƙananan injinan nan suna zuwa da kwandon zuba gari mai rami ɗaya a ƙasa wanda ke rufa wa niƙaƙƙen garin gahawa na kanti asiri.

Sai ruwa. Leƙa cikin butar shayinki. Idan kin ga farin ɓawo a ƙasa, shi ne zai toshe hanyoyin injin, kuma ruwan burtsatse ya fi kawo shi. Ki riƙa zuba ruwan roba ko tataccen ruwa, ki wanke cikin da maganin da kamfanin ya ce duk wata biyu ko uku. Da hunturu ki lulluɓe shi da zane.

Da ni ce ke, Bambino Plus zan sa a kawo min daga Ingila idan adashen ya kai, in bai kai ba Dedica Arte da injin niƙa na hannu. Idan kuma a nan za ki saya, ki tafi da madararki mai sanyi a fulas, ki ce mai shago ya jona ya kaɗa a gabanki, ki juya gindin injin ki ga an rubuta 220 zuwa 240 kafin ki tura kuɗi.