Sintiri a tekun ƙanƙara a ƙarshen ƙarni na 19

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun tambaye ni ko a ƙarshen ƙarni na 19 akwai hukumar da ke kula da jiragen da ke shiga tekun ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya, ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

AMSA: Malam, akwai hukuma, sai dai ba ta wuce jirage ƙalilan ba. Bayan Amurka ta sayi Alaska daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, sai ta riƙa tura jiragen kwastam su yi sintiri a tekun Berin da ke tsakanin Alaska da Rasha. Wanda ya fi shahara shi ne Bear, jirgin katako da aka ƙera a Dandi ta Sikotilan a 1874, wanda Kyaftin Michael Healy, ɗan wata baiwa daga jihar Jojiya, ya jagoranta daga 1886 zuwa 1895. A wannan yanki jirgin shi ne kotu, shi ne asibiti, shi ne gidan waya, kuma shi ke kama masu fasa-ƙwaurin barasa zuwa ƙauyukan 'yan asalin ƙasar.

Mafi yawan waɗanda yake ceto mafarautan ƙatuwar dabbar tekun nan ne da ake kira wel, wadda ake tatsar mai daga kitsenta. Sanyin da suke sha, hunturun Zariya wasan yara ne a gabansa, amma a ganina tsarin biyansu ya fi sanyin muni. Ba albashi ake ba su ba, ɗan kaso ne daga ribar tafiya, kuma bayan an cire kuɗin tufafi da taba da suka ci bashi a cikin jirgi, sau da yawa ma'aikacin jirgi kan sauka hannu rabbana. Abincinsu naman gishiri ne da busasshen biskit, abin da ke jawo ciwon kumburin dasashi.

A 1897 ƙanƙara ta datse jiragen farauta 8 kusa da Point Barrow, ƙuryar arewacin Alaska, Bear ma ya kasa kaiwa gare su. Sai aka sauke jami'ai 3 a gaɓa ƙarƙashin Laftanar David Jarvis, suka yi tafiyar kusan kilomita 2,400 da keken da karnuka ke ja, makiyaya 'yan ƙasar na taya su kora garken barewar ƙanƙara domin ciyar da mutanen da suka maƙale. Sun isa ranar 29 ga Maris 1898, jirgin kuwa bai samu hanya ba sai a watan Yuli.