Amai Bayan Tiyatar Rage Tumbi: Ba Alamar Aiki Na Ci Ba Ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. An yi wa yayata tiyatar rage tumbi a ƙasar waje saboda ƙiba da ciwon suga, yau wata biyu ke nan. Kusan mako uku duk abin da ta ci sai ya dawo, har ƙwayoyin bitamin ta daina sha. Mutanen gida suna cewa ai aikin ne ke ci, tunda ga shi tana ramewa. In ta galabaita sai mu kira mai kemis ya ɗaura mata ruwa. Tun shekaranjiya take cewa tana gani biyu-biyu, tana tangaɗi in ta miƙe, kuma ta yi ta maimaita tambaya ɗaya. Wasu sun ce iska ce. Wallahi na tsorata. Me za mu yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ku kai ta babban asibiti yau, sashen gaggawa, kada ku bari ta sake kwana a gida. Gani biyu-biyu, tangaɗi da ruɗewa a jikin wadda ta shafe makonni tana amai bayan irin wannan tiyata alamun ƙarewar bitamin B1 ne, wato tayamin, har ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran ciwon da sunan Wernicke. In an kama shi da wuri, matsalar ido takan fara lafawa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. In aka yi jinkiri, yakan bar mutum da mantuwa ta har abada, ko ya yi kisa.

Da kun isa, ku faɗa musu ƙarara: an yi mata tiyatar rage tumbi, mako uku tana amai, ba ta shan bitamin. Tayamin ɗin ta jijiya ake bayarwa, miligiram 200 zuwa 500 sau biyu ko uku a rana, na kwana 3 zuwa 5, sannan a ci gaba da ƙaramin adadi. Ba a jiran sakamakon gwajin jini kafin a fara. Za kuma su auna gishirin jini, musamman fotasiyam da magniziyam, domin in magniziyam ya yi ƙasa tayamin ba ya aiki yadda ya kamata.

To, ga maganar da ke damuna, wadda kullum muke fama da ita: wai amai yana nuna aiki na ci. Wa ya ce? A wannan tiyatar ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar wani siriri mai ɗaukar kamar rabin kofin shayi. Manufar ita ce mutum ya ƙoshi da ɗan kaɗan, yunwa ta ragu. Ba a taɓa tsara ta don a riƙa harar da abinci ba. Amai sau ɗaya ko biyu saboda an yi babbar loma ko an ci da gaggawa, wannan mun sani. Amma na kullum, har ruwa ya ƙi zama, yana da dalili: ko tumbin ya tsuke a wani wuri, ko ya murɗe, ko gyambo ya fito, ko tsakuwa ta taru a matsarmama, wadda ramewa da sauri ke jawowa. Duk waɗannan ana gano su da hoton ciki ko na'urar leƙa tumbi, kuma tsukewar sau da yawa da balan-balan ake buɗe ta ba tare da sake yanka ba. Ramewar da kuke murna da ita, tsoka da ruwan jiki ne ke tafiya tare da kitsen.

Jikin mutum ba ya ajiyar tayamin mai yawa. Abin da ke ciki kamar miligiram 30 ne, kuma mako biyu zuwa uku ba tare da ci ba ya isa ya ƙarar da shi. Ki lissafa da kanki tun yaushe yayarki take amai.

Sai ƙarin ruwan kemis, wanda shi ne ya fi ɓata mini rai. Ruwan da aka saba ɗaura wa wanda ya galabaita ruwa ne mai suga a ciki, kuma jiki ba ya iya ƙona suga sai da tayamin. Kun ga ke nan duk ledar da ta shiga, ɗan ragowar da ƙwaƙwalwa ke lallaɓawa da shi take cinyewa. Mai kemis ya ga ta ɗan farfaɗo, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai tambayi wace tiyata aka yi ba, bai auna sugan mai ciwon suga ba. Ko ya zuba ruwan allurar bitamin ɗin nan mai rawaya a cikin ledar, tayamin ɗin da ke cikinta bai kai adadin da wannan ciwo ke buƙata ba. Kada a sake ɗaura mata komai a gida. Kada kuma a ba ta ibufurofen, diklofenak ko feldin don ciwon jiki, suna huda irin wannan tumbin da gyambo. Batun iska kuwa, a yi mata addu'a a kan hanyar asibiti da bakin gadonta, ba wanda ya hana, amma kada a tsare ta a ɗaki ana hayaƙi alhali jijiyoyi na lalacewa.

Asibitocin wajen da ke sallamar mutum bayan 'yan kwanaki ba tare da haɗa shi da likitan da zai bi shi a gida ba, su ma da alhakinsu a ciki. Wannan aiki bibiya yake so har ƙarshen rayuwa.

In ta samu sauƙi: ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, kuma a raba shi da abinci da minti 30. Furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a rana, shi za ta fara ci kafin komai: ƙwai, wanda kowane ɗaya ke ba da kamar giram 6, kifi, kindirmo marar suga, alale, awara. Koko da kunu zalla ba su wadatar. Bitamin kullum, na taunawa ko na ruwa in ƙwaya ta ƙi wucewa, allurar B12 duk wata uku, sannan a sa tazarar sa'a biyu tsakanin maganin ƙarin jini da na kalsiyam. Gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan duk shekara. Magungunan suganta ma sai an sake duba su, don adadin da take sha kafin tiyata zai iya faɗar da suganta yanzu.

Ku tafi da takardar sallamar da aka ba ta a can, da duk kwalayen magungunanta, har da ledar ruwan da aka ɗaura mata in tana nan. Allah Ya ba ta lafiya.