Alamar Wi-Fi ta cika, amma shafi ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malama, na saurari saƙonki. Kin ce alamar Wi-Fi a wayarki cike take taf, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, har kin fara zargin wayar. To, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce ita ce.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, Wi-Fi daban, intanet daban. Wallahi a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan alamar da kike gani, abin da take gaya miki kawai shi ne wayarki da rauta, wato akwatin nan mai ƙananan fitilu, suna jin juna sosai. Ba ta san abin da ke faruwa a bayan rautar ba. Kamar famfo ne: kan famfon lafiya lau, bututun cikin gida lafiya lau, amma ba a sako ruwa daga babban layi ba. Ko kin murɗa sau goma, ba abin da zai zubo.

Bari in ɗan buɗe miki yadda abin yake. Da zarar waya ta hau Wi-Fi, rauta za ta ba ta lamba, ana ce mata adireshin IP. Galibi za ki ga ta fara da 192.168, misali 192.168.1.5. Wannan lambar a cikin gida kaɗai take aiki, gidaje ba adadi suna amfani da irinta. Dalili kuwa, tsohon tsarin adireshi da ake kira IPv4 lambobi kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya a cikinsa, ba za su ishi na'urorin duniya ba. Shi ya sa rauta take fita waje da adireshi guda, a ciki kuma ta rarraba wa kowa nasa. Daga nan sai ita rautar ta haɗu da kamfanin da kike sayen intanet a wurinsu, ko ta layin waya da aka sa mata, ko ta kebul. In data ta ƙare ko kebul ya yanke a hanya, cikin gida komai zai ci gaba da nuna lafiya.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, ni kuwa a ganina ya kamata kowa ya san shi, sunansa DNS. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. In kin rubuta google.com, sai wayarki ta fara tambayar DNS, "mece ce lambar wannan sunan?" Kamar yadda kike taɓa sunan mutum a wayarki ita kuma ta buga lambarsa. To in DNS ɗin bai amsa ba, hanya a buɗe take amma waya ba ta san inda za ta dosa ba. Shi ya sa wani lokaci manhajar da ta riga ta haɗu za ta ci gaba da aiki, sabon shafi kuma ya tsaya cak.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki fara ɗora wata wayar a kan Wi-Fi ɗin. In ita ma ta ƙi, kin ga an wanke wayarki ke nan. Sai ki duba fitilar da aka rubuta Internet ko WAN a jikin rautar, a yawancinsu in ta yi ja ko ta mutu, matsalar daga waje take. Ki tabbatar data ba ta ƙare ba, sannan ki zare rautar daga wuta, ki jira kamar daƙiƙa 30, ki mayar. In kuma taki ce kaɗai ta ƙi, ki goge sunan Wi-Fi ɗin daga wayar, ki sake sa kalmar sirri. In har yanzu shiru, a cikin saitin Wi-Fi ki canja DNS zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Amma don Allah, akwai wani ɗan rami a bayan rauta da aka rubuta Reset, kada ki sa tsinke ki danna shi. Zai share sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da kuka sa, wani lokaci har da saitin da kamfani ya yi muku, aiki ya dawo sabo.

Ki gwada, sai ki turo mini hoton fitilun rautar in gani. Allah ya sa a dace.