Wai wayo da hankali duk abu ɗaya ne?

Wata baiwar Allah ta turo tambaya daga Zariya, tace 'yarta mai shekara 4 kullum sai an yi rigima wajen rabon kunu, in aka zuba mata a kofi mai faɗi aka zuba wa yayanta a dogon kofi sai ta fashe da kuka wai nashi ya fi yawa, alhali ludayi biyu biyu ne. Kakarsu tace a ƙyale ta ba ta yi hankali ba tukuna, ita kuma uwar tana ganin yarinyar wayo ne da ita kamar me. Wai wanne ne daidai?

Toh malama, ke da Hajiya duk kuna da gaskiya. In Bahaushe yace yaro ya yi wayo yana nufin ya fara gane mutane, ya san inda ake ɓoye alawa, ya iya lallaɓa baba ya samu naira hamsin. Hankali kuwa ya wuce nan, asalin kalmar ma daga Larabci take, aƙal, kuma aikinsa auna abu da abu, ka haɗa dalili da sakamako. Shi ya sa ɓarawo ake ce masa mai wayo amma ba wanda zai ce masa mai hankali.

Karin maganar da ta dace da 'yarki ita ce hankali ke gani, ido gululu ne. Gululu ɗan dunƙulen yumɓun nan ne da ake sa wa a gindin mazari wajen kaɗi, yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Wato ido ƙwallo ne kawai. Yarinyar idonta ya ga kunu ya hau sama a dogon kofi, shikenan ta yanke hukunci, ba ta kai ga haɗa tsawo da faɗi a lokaci guda ba balle ta ce ai in an mayar da shi kofin farko zai koma yadda yake.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya yi wannan gwajin da ruwa, yana juye shi daga gajeren kofi zuwa dogo a gaban yara, ya ga sai wajen shekara 7 yawancinsu ke cewa ai ruwan bai ƙaru ba. Ni dai abin da ke burge ni, a shekara 7 ɗin nan hadisi ya ce a fara umartar yara da sallah, kuma malaman fiƙihu na kiran yaron da ya fara rarrabe abubuwa mumayyizi.

Kar ki yi mata faɗa, kuma dogon bayani ba zai shiga ba yanzu. Ki bar ta ta riƙa auna ludayin da hannunta tana ƙirgawa, kafin nan kuma ki sayo musu kofi iri ɗaya ki huta.