Layi biyu daga kamfani ɗaya, ai layi ɗaya ne

Tambaya: Ina da ofis da sito, tsakaninsu kamar kilomita 2. Kowanne da layin intanet ɗinsa daga kamfani ɗaya, ɗan yayana kuma ya haɗa su don in ɗaya ya yanke ɗayan ya ɗauka. Ranar da aka samu matsala duka biyun suka mutu tare, muka wuni ba a yanka rasit ba. In sayi rauta mai tsada ne?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna, rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyi, ba ta yi maka laifi ba. Kuɗin layi biyu kake biya, amma dukansu daga tushe ɗaya suke sha. Mai haƙa ya tsinke wayar fayiba guda, ko na'urar kamfanin ta tsaya, shi ke nan an rufe ka gaba da baya. Canza kamfani kaɗai ma bai isa ba, domin ƙananan kamfanoni da yawa hayar wayar manya suke yi. Ka tambaye su kai tsaye ta ina wayarsu ta bi. Abin da ya fi, layin ko-ta-kwana ya zama wani iri daban: ofis na kan fayiba, sito na kan sim mai 4G ko 5G.

Sai ka tambayi yaron da me ya haɗa wuraren biyu. In VPN ce, wato keɓaɓɓiyar hanya da ke bi ta cikin intanet ɗin, to ranar da layin ofis ya mutu ita ma ta mutu, ta ina za a aro na sito? Ana buƙatar hanya mai zaman kanta, misali rediyo biyu na aika intanet ta iska masu 5GHz a kan rufi suna kallon juna. Kilomita 2 ba komai ba ce gare su, muddin babu bene ko bishiya a tsakani.

Rauta mai karɓar layi biyu, irin MikroTik ko TP-Link ER605, ta wadatar. A wajen saiti ake faɗuwa. Sau da yawa rauta na duba modem ɗin da ke gefenta ne kawai, wato na'urar da layin kamfani ke shigowa ta cikinta, ta ga fitila kore ta ɗauka lafiya lau, alhali intanet ya daɗe da tafiya. A sa ta riƙa taɓa adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 da 1.1.1.1, duk daƙiƙa 10. In an rasa amsa sau 3 a jere, ta juya zuwa layin ko-ta-kwana. Kada kuma ta yi gaggawar komawa da zarar layin ya farfaɗo, ta jira wasu mintuna, in ba haka ba za ta yi ta kai-komo tana katse ciniki.

Rauta, modem da rediyo duk su hau UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, a wuraren biyu. Sau ɗaya a wata, ana tsakiyar aiki, ka sa a zare wayar babban layin a gabanka, ka duba agogo. Nan ne ake gano sim ɗin da datarsa ta ƙare ba wanda ya sani. Kalmomin sirri da zanen haɗin kuma yaron ya rubuta maka su a takarda tun yau, su zauna a hannunka.