Tambaya da Amsa: An ce in daina koyar da "ei, bi, si"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar aji biyu ce a wata firamare kusa da Misau. A hutun da ya wuce an tura mu bitar kwana biyar a Bauchi, aka ce mu bar sunayen haruffa mu koma sautinsu. Na dawo na gwada mako biyu, sai hedimasta ya ce ajina ya yi shiru, iyaye kuma suna ƙorafin yara ba sa rera komai a gida. Ni da "ei, bi, si" na tashi, ga shi kuma ina karatu. Anya bitar nan ba ta cin alawus ba ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maganar alawus ta ba ni dariya, don ni ma na sha zama a irin zauren nan ido na kan ambulan. Amma abin da aka gaya muku gaskiya ne.

Ki rubuta "ci" a allo. Yaron da ya haddace sunayen Turanci zai ce "si, ai", to ta ina "si" da "ai" za su haɗu su ba shi ci? Haka "kaka" za ta zama "kei, ei, kei, ei". Ke da ni mun tsallake wannan ramin ne da ƙyar, mun kuma manta da 'yan ajinmu da suka faɗa ciki. Alhali rubutun Hausa mai sauƙin kai ne: wasula biyar, kusan kowane baƙi da sautinsa ɗaya. Yaro ya san m, n, k da a, ranar nan zai karanta mama, Nana, kaka da kansa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kafin a kai ga karatu ya zuba. Masu bincike sun zagaya sun dawo kusa da nan. A 2000 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya tace binciken da aka tara, ya ce karatu na tsaye ne kan abu biyar: jin sautuka a cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. A kan wannan tubalin aka gina littattafan Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin NEI Plus, wani shirin inganta ilimi a Arewa, da tallafin hukumar USAID ta Amurka.

Kada dai ki tsaya a sauti kawai. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin murya, don haka "gari" na iya zama na zama ko na tuwo, jimla ce za ta raba gardama. Shi ya sa kullum ki karanta musu ɗan labari, ki yi tambaya a kai.

Sai batun shiru. Na taɓa shiga wani aji a wani ƙauye kusa da Darazo, tun daga bakin ƙofa nake jin amshi kamar rufin kwanon zai tashi. Na kira wata yarinya da ta fi kowa murya, na ɗora yatsa a kan kalma ta uku maimakon ta farko. Ta kalli yatsana, ta kalli malaminta, ta sake rero layin tun daga kai. Kunne ne ya haddace, ido bai san komai ba. Don haka ki gayyaci hedimasta ya zauna, ki kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowa minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Haka ake yi a EGRA, wato gwajin auna karatun yaran ƙananan azuzuwa, kuma agogon wayarki ya isa.

Inda zan goyi bayanki shi ne kwana biyar ba sa mai da mutum gwani. Bitar da ba wanda zai biyo ki aji ya ga yadda kike yi, ya gyara miki, shan ruwa ne da rariya. Ki nemi jami'in da ke zagayen makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya shigo darasinki, ba ya tsaya ofis ya sa hannu a rajista ba. In bai samu ba, ku haɗu da malaman aji ɗaya da na uku duk ranar Alhamis bayan an tashi, ɗaya ya koyar, sauran su zama yara. A nan ne za ki ji wanda ke cewa "ba" a wurin "b", ya cusa wasalin da ba a gayyata ba, ko wanda ke haɗa ƙ da k. Tsarin darasin kuma kada ki sauya shi: ki yi su gani, ku yi tare, sannan su yi su kaɗai.

Iyaye kuwa, ki yanka kwalin sabulu, ki rubuta gaɓoɓi huɗu ko biyar, yaro ya kai gida ya haɗa wa uwarsa sunanta. In zangon nan ya ƙare, ki rubuto min yara nawa suka iya karanta "ƙosai" ba tare da kin fara furta musu ba.