Hannun giyar SRAM zai hau kan Shimano?

Tambaya: Malam, na sayi keken gwanjo mai giya takwas a baya. Hannun canza giyar ya karye, amma ƙarfen baya da ke tura kaca, Shimano Altus, lafiyarsa ƙalau. Na ga hannun SRAM X4, shi ma na takwas, da araha. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Takwas da takwas sun yi daidai a ƙirga, amma matsalar tana wajen jan waya.

Duk danna ɗaya, hannun Shimano na takwas yana jan waya kamar milimita 2.8. Ƙarfen baya ya ninka wannan sau 1.7, sai kaca ta matsa milimita 4.8, wato daidai tazarar da ke tsakanin farantan haƙora na baya. SRAM kuwa, a jerin X3, X4 da X5 masu giya bakwai zuwa tara, hannunsu yana jan waya mai yawa, kamar milimita 4.3, ƙarfensu kuma ninkin 1.1 kawai yake yi. To ka ɗora wannan hannu a kan Altus ɗinka: danna ɗaya zai kai kaca fiye da milimita 7. Ta wuce faranti ɗaya, ba ta kai na biyu ba, sai ƙarar kaca-kaca da tsalle, musamman in ka taka da ƙarfi a hawa. Mai gyara zai wuni yana murɗa ɗan kusoshin saiti, ya gyara giya biyu, sauran shida su ɓaci. Ba laifinsa ba ne.

Abin da za ka nema shi ne hannun Shimano na takwas, ko Acera ne ko Tourney, sunan bai dame ka ba. In babu, SRAM ɗin ma suna da na murɗawa mai suna MRX da aka ƙera don Shimano. Yawancin na kamfanin Microshift haka suke, ban da irin su Advent da Acolyte. Duba jikinsa da kyau kafin ka biya, kada ka tsaya ga "zai yi" ta mai shago.

Ni dai ga keken zuwa kasuwa da gona na fi son tsohon hannun nan marar ƙas-ƙas, wanda kake turawa a hankali har kaca ta zauna. Ba ruwansa da kamfani, kuma ƙurar hunturu ba ta rikita shi.

Tambaya: Farantan baya fa, su ma dole sai na kamfani ɗaya?

Amsa: A'a. Yawancin na Shimano da SRAM masu takwas, tara ko goma tazararsu ɗaya ce, suna hawa wurin juna. Campagnolo ne ke da nasa awon daban. Sai dai in za ka koma giya goma, ka sani tun 2010 Shimano suka canza jan waya a kekunan hawa dutse, don haka Altus ɗin nan ba zai bi ka can ba.